Takwarorinta a Jikin Firji

Litinin, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Rigar sanyinta tana nan a bayan kujerar kicin, inda ta rataye ta ran Asabar. Balki ta shigo ta kai hannu za ta ɗauke, na ce ta bar min kaya a inda ta gan su. Mai riga za ta zo ta ɗauki abarta.

Balki maƙwabciyata ce, ƙofa na kallon ƙofa, mutuniyar Maraɗi mai sayar da turare da atamfa a Harlem. Ita ta sayo min wannan littafin, wai tunda na ƙi yin kuka a gaban mutane, in yi a kan takarda. Jiya ma ita ta raka ni asibiti, tana jan carbinta ina jan rozarina, har wani Bature a jirgin ƙasa ya yi ta kallonmu kamar ya ga sabon wata.

Na'ura ce ke yi wa yarinyar numfashi. Sun aske mata gefen kai guda. Kitson nan ni na yi mata shi da hannuna, ban ma karɓi ko sannu ba, don rabin lokacin tana kan waya.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Akwai wata nas a ɗakin, Ama sunanta, 'yar Kumasi. Hausar Zango take yi, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Tana gyara robar ruwa ta ce min, "Mama, ka matso ka kira sunanshi. Suna ji, ko ba su motsa ba."

Na matsa. Na ce, "Ke, ga ni na zo."

Ama ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Me zan ce mata? Yarinyar nan 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. A ƙauyenmu can bayan Malumfashi, mace ba ta kama sunan ɗan fari, balle na suruka. Musulma ba ta yi, Kirista ba ta yi, Bamagujiyar da ba ta shiga ko ɗaya ba ita ma ba ta yi. Ni ma 'yar fari ce. Innata har ta koma ga Ubangiji "waccan" take ce min, kuma ban taɓa kwana ina tambayar ko tana so na ba. Wadda ake ɓoye wa ƙanzo a ƙarƙashin ƙwarya ta san matsayinta.

A nan kowa Liz yake ce mata. Wannan ba shi ne sunan da Fada ya zuba mata ruwan baftisma da shi ba, shi ya sa hannuna ya yarda ya rubuta.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da safe

Babu canji, in ji su.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da azahar

Na buɗe firji in ɗauko madara, na tsaya ina kallon matan nan da ke manne a jikin ƙofar har madarar ta daina sanyi a hannuna.

Katuna ne na waliyyai mata, duk sunansu ɗaya da nata. Wasan ya fara ne tana 'yar shekara goma sha uku, lokacin da ake shirya su karɓar shafewar tabbatarwa a coci. Malamarsu ta ce kowa ya binciko waliyyin sunansa. Ta dawo gida tana tambayata wacce ce tata, wai ashe suna da yawa. Na ce ban sani ba, kakarta ce tata. Daga nan ta gano lagona. Sai ta kawo kati ta sa min a gaban hanci, ta ce da Hausarta mai tsami, "Mama, karanta nan." Ni kuma in ce, "Takwararki ce." Ta fashe da dariya, babanta, Allah ya jiƙansa, yana taya ta, ni ina korarsu da muciya.

Ta fara da 'yar sarkin Hungary mai raba wa talakawa burodi. Bayanta sarauniyar Portugal, wadda ta shiga tsakanin rundunar mijinta da ta ɗanta ta hana su faɗa. Akwai wata 'yar Roma da mijinta ya gasa mata aya a hannu da bin mata, ita har yanzu ba a gama ba ta waliyya ba, "mai albarka" ake ce mata. Na ce wannan kam a ƙara mata girma, ta ci. Ga sista 'yar Faransa mai kaɗa piyano, ga kuma ta nan New York mai baƙar hula kamar za ta ta'aziyya.

Shekara da shekaru muna wannan wasan. Ban san ranar da ya daina zama wasa a wajenta ba.

Katin da ta kawo ran Asabar yana kan tebur a kife. Na ɗora gwangwanin sukari a kai.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan Mas na safe

Fada ya ce yau ranar sista 'yar Faransa ce, kuma ya sa sunan yarinyar a addu'a. Bayan an tashi matan zumunta suka kewaye ni, kowa da haƙurinta a baki. Na gaji da haƙuri. Haƙurin da aka ba ni a makon nan, da shinkafa ce da na buɗe shago.

Wata mai rawar kai ta ce ai sistar nan tana da shekara ashirin da shida Ubangiji ya ɗauke ta, dubi irin alheri. Ba ta san shekarun tawa ba, ko kuwa ta sani bakin ne babu linzami.

Da na dawo na juya katin sistar, fuskarta ta kalli firji. Ta yi min afuwa. Ba na son ganin ta yanzu.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da la'asar

Irmiya ya iso daga Ohio. Ƙanenta ne, shi ne autana. Ya rame. Tun daga ƙofa nake Irmiya kaza, Irmiya kaza, ka ci abinci, ka cire takalmi, sai na ji muryata da kunnena na yi shiru.

Waccan Asabar ɗin ma, ta farkon wata, haka aka yi. Ranar dukan waliyyai ce, yarinyar ta zo cin tuwo bayan Mas, shi kuma ya kira a waya. Tana zaune tana jin ina jera sunansa kamar mai talla. Da na ajiye wayar ta fito da kati daga jaka.

Ba zan rubuta sauran ba yau.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Na koma aiki rabin yini, don tsohuwar da nake kula da ita a Tremont ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ni. Ina goge mata baya ina kiran sunanta, ina lallashinta, matar da ban haɗa komai da ita ba. Na gama na shiga banɗakinta na kunna famfo don kada a ji, na gwada. Harafin farko ya fito. Sauran ya tsaya a maƙogwaro kamar ƙashin kifi.

Na gwada ta wata hanya, na ce bari in yi kamar addu'a nake, ai ba ita nake kira ba, waliyya nake kira. Na ce "Waliyya", na tsaya. Ko a coci, in aka zo sunan a jerin waliyyai, ni "yi mana addu'a" kawai nake amsawa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da rana

Yatsanta ya motsa. Na kira Ama da gudu. Ta ce jiki yakan yi haka da kansa.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

Mun yi cacar baki da Irmiya a gaban lifta. Da Turanci ya yi min, don in ransu ya ɓaci Hausar guduwa take. Wai kalma ɗaya ce, me zai ci ni? Wai yayarsa ta sha yi masa kuka a waya, tana cewa ita baƙuwa ce a bakin uwarta. Na ce masa ni na goye ta daga Kano har Bronx, ni na yi aikin dare da na rana ta gama jami'a ta zama malamar makaranta, in wannan bai isa kira ba, to ban san kira ba. Ya ce bai ce ban yi ba.

Balki ce ta raba mu. Ita ta san abin, ita ma ba ta kama sunan Harouna ɗanta na fari. A cikin bas ta bar ni na huce, sannan ta ce, "Yaya Rahila, kunyar wa kike ji a ƙasar nan? Surukar taki ta daɗe a ƙasa, dangi suna bayan teku."

Na ce mata ba kunyar kowa nake ji ba. Bakina ne bai san hanyar ba.

Muka sauka. A bakin ƙofa ta ce ita fa daren jiya ta kira Harouna a waya ta kama sunansa, yaron ya firgita, ya ɗauka mutuwa aka yi a gida. Muka yi dariya a tsaye a wajen, dariyar da ta ƙare da ni a kafaɗarta. To, ga kukan da take nema ta samu.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da azahar

Yau ranar mai burodi ce. Ita ma ashe ba ta kai ko'ina ba, tana da ashirin da huɗu ta tafi. Wai su masu sunan nan ba sa zama ne? Kakar yarinyar kam ta haura tamanin tana surfe.

Na hau jirgi mai lamba huɗu tun daga unguwarmu har ƙarshen Manhattan, inda ruwa ya tare hanya. Can cocin mai baƙar hula yake, a matse tsakanin dogayen gine-gine. Yarinyar ta taɓa kawo ni da bazara, ta saya min askirim, tana ba ni labari: a garin nan aka haifi matar, mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta buɗe makarantu, ta binne 'ya'yanta mata biyu da ranta. A lokacin na ce Allah sarki, na ci gaba da lasar askirim ɗina.

Yau ban yi mata addu'ar littafi ba. Na zauna a benci na gaba na yi mata magana mace da mace. Na ce ke kin san wannan ciwon, sau biyu kika sha shi, to me za ki yi da ni a cikin ƙungiyarku? Kuna da yawa a can, 'yar sarki, sarauniya, sista, duk sunanku ɗaya, ba ku rasa ta cikon layi ba. Ni guda ɗaya gare ni. Ku haɗu ku je gaban Yesu ku ce a bar min.

Ban kira ta da suna ba ita ma. Na ce ai ta san da ita nake.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Sun kai mu wani ƙaramin ɗaki mai kujeru masu laushi da kwalin tishu a tsakiyar tebur. Ina ganin kwalin na gane. Likitoci biyu ne, da wata mata mai magana a hankali kamar tana tsoron tada jariri. Sun nuna hotuna. Irmiya ya yi tambayoyi, ni ina kallon takalman likitan, ɗaya igiyarsa ta kwance.

Sun ce mu yi shawara kan cire mata na'urar, babu gaggawa. Duk wanda ya ce maka babu gaggawa ya riga ya duba agogo.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da safe

Ban je ba. Na wanke labule.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da hantsi

Bari in rubuta, tunda ya hana ni cin abinci.

Ta ajiye katin a gabana ta ce, "Mama, yau kam ki karanta." Babu dariya a fuskarta, amma ni ban lura ba, ina kwashe tuwo. Na ce takwararki ce, kamar kullum. Ta ce a'a, ta san takwararta ce, so take ta ji. Na ce albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, yaushe na lalace da zan zauna ina kiran 'yar fari kamar wata Baturiya? Da wasa na faɗa. Wallahi da wasa na faɗa.

Ta miƙe. Ta ce da Turanci, ita duk duniya kowa ya san sunanta, direban bas ma ya sani, ban da matar da ta haife ta. Ta kife katin ta fita. Na bi ta har bakin matakala da rigar sanyin a hannu ina cewa, "Ke! Ke, rigarki!" Ba ta juyo ba. Da wani abu na kira, da ta juyo, na san halinta. Da ta tsaya ko na minti ɗaya ne, da motar da ta buge ta a titin nan ta wuce kafin ta iso.

Na mayar da rigar kan kujera na ce yunwa da sanyi za su dawo da ita. Tuwon bai gama hucewa ba waya ta yi ƙara.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da azahar

Sukari ya ƙare, na ɗaga gwangwanin. Na juya katin.

Tsohuwa ce da jariri a hannu, ga wani dattijo a gefe riƙe da allo. Uwar Yohanna mai baftisma ce, ta farkonsu duka, wadda sauran suka ci sunanta. Duk shekarun nan ba ta taɓa kawo min ita ba.

Babana katikis ne, mai koyar da addini a coci, na san labarin tun ban iya ɗaura zane ba. Matar ta tsufa ba ta haihu ba, sai Allah ya ba ta ɗa. Ran suna dangi da maƙwabta suka cika gida za su sa masa sunan ubansa, uban kuma a lokacin bakinsa a rufe yake, ba ya magana. Ita ce ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce a'a, ta faɗi sunan yaron. Ɗanta na fari. Na sha jin labarin nan a coci, hankalina kullum yana kan dattijon da allonsa, ban taɓa tsayawa a kan tsohuwar ba.

Yarinyar nan ta san abin da ta zaɓo. Malamar makaranta ce, ta shirya darasinta tsaf, ɗalibar ce ta tsaya kwasar tuwo.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da yamma

Fada ya zo ya shafe ta da mai. Irmiya ya sa hannu a takardun cire na'urar, ni na ce ba zan iya ba. Gobe da safe, in ji su.

Talata, 25 ga Nuwamba, da rana

Na tafi da rigar sanyin. Na shimfiɗa mata a kan ƙafafu, don kullum ƙafarta ce ke fara yin sanyi tun tana jaririya.

Na roƙi kowa ya fita. Ama ce ta ƙarshe, ta ja labule, ta ce in ɗauki lokacina, ji ne ke tafiya a ƙarshe. Ban sani ba ko gaskiya ne ko abin da suke gaya wa iyaye ne.

Na sa bakina a kunnenta, ta gefen da ba su aske ba. Na farko bai fita da kyau ba, murya ta karye a tsakiya. Na sake. Ba irin na Turawa na faɗa ba, irin na ƙauyenmu na faɗa, yadda ake kiran kakarta daga bakin rijiya. Na uku ya fita da ƙarfi har Irmiya ya ji daga waje, ya ce min daga baya ya zauna a ƙasa a wajen.

Ashe suna ne mai daɗi a baki. Shekara ashirin da shida yana gidana ban ɗanɗana ba.

Na jira ta ce na'am. Na jira sosai.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Balki ta yi min wanka kamar yarinya.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da hantsi

Mutumin gidan shirya jana'iza ya buɗe mana wani babban kundi. A ƙasar nan in Katolika ya rasu ana buga ƙananan katuna a raba wa mutane a coci, hoton waliyyi a gaba, sunan mamaci a baya. Da ya ga sunanta ya ce masu wannan sunan suna da yawa, wacce muke so? Ya fara nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya rufe, duk na san su, a kicin ɗina suke kwana.

Na ce hotonta za a sa a gaba, wanda ta ɗauka ran da ta fara koyarwa. Ya ɗauki biro ya tambayi yadda za a rubuta sunan. Irmiya ya buɗe baki zai amsa, kamar yadda ya saba amsa min a makaranta da asibiti da ko'ina. Na dafa hannunsa. Ni na faɗa, na kuma sa mutumin ya maimaita har sai da ya iya.

Asabar, 6 ga Disamba, da safe

Baƙi sun watse. Irmiya ya koma jiya.

Na juyo da fuskar sista 'yar Faransa, ba laifinta ba ne. Na manna tsohuwa mai jariri a farkon layi, inda ya kamace ta. Tawa na sa ta a ƙarshe, kusa da mai baƙar hula, wadda ta san yadda ake riƙon 'ya'ya mata.

Sannan na tsaya a gaban firji na karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunanta, ina cewa yi mana addu'a. Balki ta ji ta bango ta shigo da gudu ba ko ɗankwali, ta ga abin da nake yi, ta tsaya a bakin ƙofa. Da na zo kan ta ƙarshe ban ce yi mana addu'a ba. Na ce mata ga shi na karanta.

Alisabatu. Alisabatu, 'yata ta fari, na karanta.